Damuwa da Haihuwa: Darasi Daga Ɓerayen Bincike Domin Maigida da Uwargida



Ya kai maigida, ya ke uwargida, da ku 'yan kasuwa masu kai da komo tsakanin Kuseri da Injamena, ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci. Akwai koke iri biyu da ake yawan kawo mana a ɗakin shan magani, amma ba da murya ɗaya ake kawo su ba. Na farko na mata ne, kuma a fili suke faɗinsa: "Likita, wata uku ke nan ban ga al'adata ba, an gwada an ce babu ciki." Na biyu na maza ne, kuma da ƙyar yake fita. Sai an gama zancen ciwon kai da ciwon baya, mutum ya miƙe ya kama hanyar ƙofa, sannan ya juyo ya rage murya ya ce ƙarfinsa ya ragu. In aka bi diddigin koken biyu, sau da yawa a gindi ɗaya ake tarar da su: bashi, asarar jari, gudun hijira, rashin barci, ko rashin zaman lafiya a gida.

Darasinmu na yau yana bayani ne a kan yadda damuwa ke taɓa sinadaran haihuwa, da dalilin da ya sa alamarta ke bayyana a jikin mace, ta ɓuya a jikin namiji. Sanin wannan yana iya tsare aure daga mutuwa, ya tsare aljihu daga masu sayar da maganin da ba a san asalinsa ba.

Wace irin damuwa ake nufi?

Damuwa iri biyu ce. Akwai gajeriya, kamar firgitar da ke kama ka lokacin da babur ya kusa banke ka a bakin kasuwa. Zuciya ta buga, gumi ya keto, bayan rabin awa komai ya lafa. Wannan ba ta da illa, domin ita ce ke sa mutum ya yi tsalle ya tsira. Akwai kuma doguwa, wadda ake kwana da ita a tashi da ita, mako ya bi mako, wata ya bi wata. Ita ce abin maganarmu.

Mutanen Kuseri ba baƙin doguwar damuwa ba ne. A watan Fabrairu na 2008 dubban jama'a sun tsallako daga Injamena suna gudun yaƙi, garin ya cika ya batse. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe iyakoki, ciniki ya tsaya. A watan Disamba na 2021 rikicin da ya faro a kan ruwa ya iso cikin gari, kasuwar shanu ta lalace, dubban mutane suka tsallaka zuwa Cadi. A 2022 da 2024 kogunan Logon da Shari suka yi ambaliya, suka ci gidaje da gonaki. Ban da waɗannan akwai na yau da kullum: kaya sun maƙale a duwan, mota ta kwana uku a hanyar Mora zuwa Dabanga, ranar zubin adashi ta zo babu ko sefa ɗaya a hannu. Yunwa, da aikin da ya wuce ƙarfi, da doguwar jinya, su ma jiki yana ɗaukar su a matsayin damuwa ko da zuciya a kwance take.

Hanyoyin saƙo guda biyu a cikin jiki

Sassan jiki suna magana da juna ta wasu sinadarai da ke tafiya cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon. Ku ɗauke su tamkar 'yan aike. Hanyoyin aike biyu ne suka shafi darasinmu, kuma dukansu daga wuri ɗaya suke tashi, wato wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce girman ƙwayar wake ba, sunansa fitutari, shi ne wakilin da ke rarraba umarni.

Hanya ta farko ta haihuwa ce. Haifotalamus yana sakin sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan, kusan kowace awa ɗaya zuwa biyu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa a kan lokaci. Duk ƙwanƙwasa ɗaya, fitutari ya saki 'yan aike biyu, LH da FSH. A jikin namiji suna zuwa ga 'ya'yan maraina, su sa a samar da testosteron da ƙwayoyin maniyyi. A jikin mace suna zuwa ga ma'ajiyar ƙwai, su raini ƙwai, su sa a samar da istirojin da furojesteron, waɗanda ke shirya mahaifa.

Hanya ta biyu ta haɗari ce. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, haifotalamus ya saki CRH, fitutari ya saki ACTH, shi kuma ya tafi ga wasu ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, masu suna adirinal. Su ne ke zubo kotizol cikin jinin ɗan Adam. A jikin ɓera kuwa ɗan'uwansa ne ke fita, mai suna kotikosteron. Aikinsu shi ne tara sukari da ƙarfi domin gudu ko kare kai.

Idan gobara ta tashi a kasuwa, ba wanda ke tsayawa auna gero. Kowa guga yake nema. Haka jiki yake yi: da zarar hanyar haɗari ta buɗe, sai ya rage wa hanyar haihuwa kaso, domin tsira da rai ya riga neman zuri'a. Hikima ce in gobarar ta yini ɗaya ce. Matsalar tana zuwa ne idan jiki ya ɗauka gobarar ba ta mutu ba har shekara ta zagayo.

Me ya kawo ɓera cikin maganar?

Ba a iya buɗe ƙwaƙwalwar mutum mai rai domin a ga abin da damuwa ke yi mata, ba a kuma iya takura wa mutane da gangan na makonni. Saboda haka masana suka koma ga fararen ɓeraye da ake kiwo a ɗakunan bincike, domin hanyoyin saƙon nan biyu suna jikinsu kusan yadda suke a jikinmu. Ga shi kuma komai nasu da sauri yake: zagayen ƙwan ɓera mace kwana 4 zuwa 5 ne, cikinta kuwa kimanin mako uku.

A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a Jami'ar McGill da ke Kanada, yana neman wani sabon sinadari a cikin ma'ajiyar ƙwai. Ya lura cewa duk irin wahalar da aka ɗora wa ɓera, sanyi ne ko allura ko gajiya, alamu iri ɗaya ke fita: adirinal ya kumbura, wasu sassan garkuwar jiki su motse, gyambo ya fito a ciki. Daga nan aka fara ɗaukar damuwa a matsayin abin da ake iya aunawa a jiki. A 1986 kuma Catherine Rivier da Wylie Vale da abokin aikinsu a Cibiyar Salk ta Amurka suka nuna cewa takura tana sauke LH a jinin ɓeraye, kuma idan aka toshe aikin CRH a ƙwaƙwalwa, LH ba ya sauka. Wannan ya tabbatar da cewa hanyar haɗari ce da kanta ke danne hanyar haihuwa.

Abin da aka gani a ɓera namiji

Tsarin namiji kamar shagon da ke buɗe kullum ne. Testosteron da maniyyi ana samar da su dare da rana, babu ranar hutu. Idan aka tsare ɓera namiji a wuri matsattse na awoyi, testosteron nasa yana sauka. Ta ƙofa biyu abin ke shiga. Ta sama, ƙwaƙwalwa ta rage ƙwanƙwasar GnRH, LH ya ragu. Ta ƙasa kuma, sinadarin damuwa yana zuwa kai tsaye ga ƙwayoyin da ke ƙera testosteron a cikin maraina, ya rage musu aiki, ko da LH bai ragu ba. Waɗannan ƙwayoyi suna da wani mai gadi, wani sinadari da ke karya ƙarfin sinadarin damuwa idan kaɗan ne. In ya yi yawa kuma ya daɗe, sai ya fi ƙarfin mai gadin. Idan takurar ta ɗauki makonni, yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarin tafiyarsu suna raguwa, sha'awar barbara ma ta yi sanyi.

Akwai kuma birki. A shekarar 2000 wani masani ɗan Japan, Kazuyoshi Tsutsui, ya gano wani sinadari a ƙwaƙwalwar tsuntsun salwa wanda aikinsa shi ne taka wa hanyar haihuwa birki, aka sa masa suna GnIH. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna cewa damuwa tana ƙara irin wannan sinadari a ƙwaƙwalwar ɓeraye maza. Ke nan damuwa tana rage mai, tana kuma taka birki a lokaci guda.

Abin lura shi ne, duk wannan ba ya nunawa a ido. Shagon yana buɗe, kayan ciki ne suka ragu.

Abin da aka gani a ɓera mace

Tsarin mace kuwa kamar kasuwar mako ne, wadda ke ci rana ɗaya. Kwanaki ana shiri, istirojin yana hawa a hankali. Idan ya kai ƙololuwa, sai fitutari ya saki LH mai yawa a lokaci guda, kuma wannan tunkuɗa ce ke sa ƙwai ya fita. In ba a yi ta ba, ƙwai ba ya fita. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan ruwa ya datse hanya ranar da kasuwa ke ci: sai a jira wani zagayen.

Tun a 1961 Julian Kitay ya nuna cewa ɓera mace tana zubo sinadarin damuwa fiye da namiji idan aka takura musu iri ɗaya. Daga baya, a 1991 da 1996, Victor Viau da Michael Meaney a McGill suka ƙara haske a kan dalilin. Martanin mace ya fi ƙarfi a ranar da istirojin ya fi yawa, wato dab da fitar ƙwai. Testosteron kuwa yana sassauta martanin namiji. Shi ya sa idan aka fiɗiye ɓera namiji martaninsa yake ƙaruwa, in aka mayar masa da testosteron ya ragu.

Ku duba yadda abin ya haɗu: lokacin da jikin mace ya fi jin damuwa shi ne lokacin da ake jiran tunkuɗar da za ta fitar da ƙwai. Takura a wannan rana tana iya jinkirta tunkuɗar ko ta rage mata ƙarfi. Takura mai tsawo kuma tana rikita zagayen gaba ɗaya.

A 2015 masu binciken Berkeley suka yi wani gwaji mai ban tunani. Sun takura wa ɓeraye mata kullum har kwana 18, sannan suka bar su suka huta kwana 4 kafin a haɗa su da maza. Sinadarin damuwa ya riga ya sauka a jininsu, amma duk da haka kaɗan ne suka ɗauki ciki idan aka kwatanta da waɗanda ba a takura wa ba, wasu kuma cikin bai zauna ba. Birkin nan ne ya tsaya a take bayan haɗarin ya wuce. Da aka kashe aikin birkin a wani rukuni, haihuwarsu ta koma daidai. Darasin shi ne jiki ba ya sakin birki ranar da masifa ta ƙare, yana buƙatar lokaci kafin ya yarda cewa an samu lafiya.

Ɓera ba mutum ba ne

A nan sai a yi hattara. Ba duk abin da aka gani a ɓera ne ya dace da ɗan Adam ba. Misali, a gwaje-gwajen da ake sa mutane yin jawabi da lissafi a gaban alƙalai domin a auna kotizol, sau da yawa na maza ne ya fi tashi, saɓanin ɓeraye. Don haka kada wani ya kafa hujja da wannan takarda ya ce mata sun fi maza raunin zuciya. Abin da ya tabbata a mutane shi ne babban tsarin: damuwa tana danne hanyar haihuwa a jinsi biyu, kowanne ta fuskar da ta dace da halittarsa.

Ga misalai. A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya likitocin Jamus sun ga mata da yawa da hailarsu ta ɗauke saboda yunwa da fargaba, har suka raɗa wa abin suna ɗaukewar haila ta yaƙi. A 1972 an auna samarin da ke makarantar horar da hafsoshin soja a Amurka, aka tarar testosteron nasu ya fi ƙasa a makonnin farko masu tsanani fiye da ƙarshen horon. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta Japan a Janairun 1995, an ga kuzarin maniyyi ya ragu a mazan da gidajensu suka rushe, ya kuma farfaɗo bayan watanni. A 2003 likita Sarah Berga ta bi mata 16 da hailarsu ta ɗauke ba tare da wata cuta ba. Takwas aka riƙa zama da su ana koya musu hanyoyin sauke damuwa, shida daga cikinsu ƙwai ya dawo yana fita. A cikin takwas da ba a yi wa haka ba, mafi yawansu sun zauna yadda suke. Mutanen kaɗan ne, amma sakamakon ya nuna hanya.

Na ga irin wannan da idona. Bayan rikicin 2021 wata mai sayar da bandar kifi ta zo mana, wata huɗu babu haila. Surukarta ta ce ciki ne ya kwanta, maƙwabta suka ce jifa ne. Gwaji ya nuna babu ciki, sai ƙarancin jini da rama. Jarinta ya salwanta, tana ciyar da yara tana kwana da yunwa. Mun ba ta maganin ƙarin jini, muka zauna da mijinta, 'yan adashinta suka ɗaga mata zubi. A wata na uku hailar ta dawo. Mijin ne ya tsaya a bakin ƙofa ranar ƙarshe ya faɗi nasa koken, wanda ya yi wata shida yana ɓoyewa.

Kurakurai huɗu da ya kamata a guje wa

Na farko, ɗora wa mace laifi ita kaɗai. Kalandar mace a fili take, ana ƙirga ta da wata. Ta namiji a rufe take, sai gwaji. Masana sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Iya kwanciyar aure ba hujja ba ce cewa maniyyi lafiya yake. Samun 'ya'ya a baya ma ba hujja ba ce, domin zazzaɓi mai zafi, da ciwon sanyi, da ciwon sukari suna iya sauya lamari daga baya.

Na biyu, ɗauka cewa damuwa ce sanadin kowane jinkiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ƙasashenmu babban sanadi ga mata shi ne toshewar bututun ƙwai, sakamakon ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Tsargiya, wadda ke damun mazauna bakin Logon, tana iya taɓa sassan haihuwa na mace da na namiji. Kwanciyar hankali ba ta buɗe bututun da ya toshe. Kuma cewa da mace "ki daina damuwa za ki samu ciki" ƙarin kaya ne a kanta, domin ya mayar da laifin wuyanta.

Na uku, ɗauka cewa ɗaukewar haila kariya ce daga ciki. Ƙwai yana fita kimanin mako biyu kafin a ga jini, saboda haka mace tana iya ɗaukar ciki tun kafin hailar ta dawo. Wadda ke son hutu tsakanin haihuwa ta nemi hanyar tazara a asibiti. Shayarwa ma tana karewa ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba.

Na huɗu, neman magani a kan tire. Tramol da wasu direbobi da masu babur da 'yan dako ke sha domin jure gajiya, yana cikin magungunan da ke sauke testosteron idan aka daɗe ana sha. Allurar testosteron da ake yi domin ƙarfin maza tana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika LH da FSH, har samar da maniyyi ya tsaya. Maganin kawo haila kuwa yana iya jawo zubar jini mai kisa idan da ciki ba a sani ba. Abubuwan da ake cusawa a gaba suna buɗe wa cuta ƙofa.

Abin da za ku iya yi a gida

Ba mai iya hana kogi cika, ba mai iya buɗe iyaka da hannunsa. Amma akwai abin da ke hannunku.

Ku ci abinci a kan lokaci. Uwargida, kada ki wuni a rumfa da shayi kaɗai. Jikin da ba ya samun isasshen abinci yana rufe hanyar haihuwa ko da zuciya na cikin farin ciki. Wake, gyaɗa, kifi, zogale da ƙwai suna taimakawa wajen gina jini.

Ku ba barci haƙƙinsa. Testosteron yana hawa ne a cikin barci. Maigida mai tuƙa mota daga Ngaundere ta Garwa da Marwa zuwa gadar Ngeli, ka nemi awa bakwai duk ranar da hali ya yi. Ka kuma sani zafi yana cutar da maniyyi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40: ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa, ka guji matsattsen wando.

Ku raba kayan zuciya. Bashin da miji ya ɓoye wa mata, da fargabar da mata ta ɓoye wa miji, nauyinsu ninki biyu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi magana da juna, ko da amintaccen ɗan'uwa, ko malami, ko ma'aikacin lafiya. Ibada, da zumunci, da zama cikin jama'a suna saukar da zuciya, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Iyaye da surukai, ku janye gori. Barazanar saki da habaicin dangi suna cikin manyan damuwar da ke kan matar da ke jiran haihuwa. Duka da zagi a gida kuwa cuta ce da kanta, wadda ta cancanci a kai ƙara a nemi taimako.

Ku yi haƙuri da jiki. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna. Gyaran da maigida ya fara yau, sai bayan wata uku za a ga amfaninsa a gwaji. Hailar mace ma takan ɗauki watanni kafin ta daidaita bayan wahala ta wuce.

Uwargida, ki riƙa ƙirga kwanakinki. Ki sa alama a kalanda ko ki ƙulla zare ranar da jini ya fara. Wannan lissafi shi ne abu na farko da za mu tambaye ki.

Yaushe za a tafi asibiti?

- Idan haila ta yi jinkiri, a fara da gwajin ciki.
- Idan ta ɗauke wata 3 babu ciki, babu shayarwa, babu allurar tazara.
- Idan zagayen yana gaza kwana 21 ko yana wuce kwana 35 a kai a kai.
- Idan nono yana fitar da ruwa ba a shayarwa, ko akwai ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani.
- Idan an yi shekara ɗaya ana tare ba tare da tazara ba kuma babu ciki. In matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa.
- Idan namiji ya ga raguwar sha'awa ko ƙarfi ta daɗe, ko kumburi ko ciwo a maraina, ko fitar ruwa, ko jini a fitsari. Raguwar ƙarfi takan zama alamar farko ta ciwon sukari ko hawan jini.
- Idan baƙin ciki ya hana ci da barci, ko tunanin cutar da kai ya shigo, a zo a ranar.

Abu guda ba ya jiran wayewar gari: haila ta yi jinkiri, sannan ga ciwon mara mai tsanani, ko zubar jini, ko jiri da suma. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa. A garzaya babban asibiti mafi kusa, a wannan gaɓar kogin ko waccan.

In za ku zo domin maganar haihuwa, ku zo ku biyu. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha, babu allura babu tiyata. Ana buƙatar a ƙaurace wa kwanciya na kwana 2 zuwa 7 kafin a bayar, kuma in sakamakon bai yi kyau ba a kan maimaita, domin gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ma'aikatan cibiyar lafiya ta unguwarku za su nuna muku inda ake yinsa. Ku riƙe katinku da takardun gwaji duk inda za ku, domin likitan Injamena ya ga abin da na Kuseri ko Marwa ya rubuta. Sirrinku amana ne a wuyanmu.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa jiki ke rage wa hanyar haihuwa kaso a lokacin haɗari?
2. Me ya sa alamar damuwa ke bayyana a jikin mace, ta ɓuya a jikin namiji?
3. Shin mace na iya ɗaukar ciki alhali hailarta ta ɗauke?
4. Wata nawa ake jira kafin a ga sauyi a gwajin maniyyi?
5. Wace alama ce ba a kwana da ita a gida?

Haihuwa kyauta ce daga Allah, Yana bayar da ita ga wanda Ya so a lokacin da Ya so. Namu shi ne mu kula da jikin da aka ba mu amana, mu kuma yi wa juna adalci a cikin gida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcin rumfarsa, wadda ta ji ta isar wa 'yar'uwarta. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa da zuri'a. Amin.